Dariya Ba Tare da Magana Ba: Taƙaddamar da Ta Ƙi Mutuwa a Kan Chaplin, Keaton da Lloyd

Akwai wani wuri a cikin fim ɗin Steamboat Bill, Jr., wanda ya fito a 1928, da har gobe masu kallo ke riƙe numfashi idan aka zo kansa. Guguwa ta taso a gari tana ɗaɗɗaye rufin gidaje. Wani siririn saurayi ya tsaya a gaban gidan katako mai hawa biyu, ya ba gidan baya, yana shafa ƙeya. Sai bangon gaban gidan ya ɓalle ɗungurungum ya rikito masa. Nauyin bangon ya kai kimanin tan biyu. Abin da ya raba shi da mutuwa ita ce 'yar tagar sama da ke buɗe, wadda ta sauko daidai inda yake tsaye, ta bar tazarar 'yan inci kaɗan tsakanin kafaɗunsa da katako. Ba dabarar kyamara aka yi ba, ba kuma wani aka tsayar a madadinsa ba. Buster Keaton ne da kansa, fuskarsa ko gezau.

A nuna wa mutum biyu wannan guntun a yau. Ɗaya zai dafe kai ya yi salati, sannan dariya ta ƙwace masa. Ɗayan zai kalla shiru, ya ce bajinta kam ya gani, amma ina abin dariyar? Wannan saɓani shi ke biye da tsofaffin finafinan barkwanci marasa magana tun ranar da sauti ya shigo harkar sinima. Gardamar kuma hawa biyu gare ta. A ƙasa akwai tambayar ko finafinan nan suna da ban dariya da gaske, ko kuwa tsufansu kawai ake girmamawa. A sama kuma, tsakanin waɗanda suka yarda da su, akwai tsohuwar jayayya: wane ne gwani na gwanaye, Charlie Chaplin ko Buster Keaton, kuma ina za a ajiye Harold Lloyd?

Inda abin ya faro

Barkwanci tare suka taso da sinima. A 1895, shekarar da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka fara nuna fim ga masu biyan kuɗi a birnin Faris, cikin 'yan gajerun finafinansu akwai na wani mai ban ruwan lambu. Yaro ya lallaɓo ya taka tiyon, ruwa ya ɗauke, mai lambu ya leƙa bakin tiyon don ya ga abin da ya faru, yaro ya ɗage ƙafa. Bai kai minti ɗaya ba, amma duk ginshiƙan sana'ar suna ciki: mai kallo ya san abin da wanda za a yi wa ɗanyen aikin bai sani ba, yana jiran abin ya auku, kuma jiran nan shi ne rabin daɗin.

Daga Faransa aka sami tauraron barkwanci na farko, Max Linder, ɗan gayen da kullum ado ke jefa shi cikin masifa, wanda Chaplin da kansa ya ɗauka a matsayin malami. A Amurka kuwa Mack Sennett ya buɗe kamfanin Keystone a 1912, ya mayar da barkwanci kamar masana'anta: gungun 'yan sanda marasa kan gado suna bin ɓarawo a guje, motoci suna karo, ana jifan juna da kek a fuska, mai ƙiba ya faɗa kwalbati. Kowane mako sai an fitar da sabon fim.

Cikin wannan hayaniya Chaplin ya shigo a ƙarshen 1913. An haife shi a Landan a 1889, ya tashi cikin talauci na innanaha. Mahaifinsa mashayi ne, mahaifiyarsa ta yi fama da taɓin hankali, shi kansa ya zauna a gidan da hukuma ke tara matalauta tun yana ƙaramin yaro. A 1914 ya fara bayyana cikin shigar da duniya ta san shi da ita: wando burgujeje, matsattsiyar kwat, 'yar hula mai zagaye, manyan takalma, sandar gora da ɗan gashin baki. Shekara biyu kacal bayan haka kamfanin Mutual ya ɗauke shi a kan dala 670,000 a shekara. Ba kuɗin ne abin lura ba, abin da ya yi da damar ne. Ya rage gudu, ya tsaya ya ba matsiyacin nan nasa hali da zuciya, har mai kallo ya fara damuwa da abin da zai same shi.

Hujjar masu cewa babu abin dariya

Bai kamata a yi wa masu suka kallon marasa ilimi ba, domin maganarsu akwai ƙamshin gaskiya. Abu na farko da suke faɗa shi ne maimaici. Wanda ya zauna ya kalli finafinan Keystone guda goma a jere zai ga shuri a gindi, faɗuwa, gudu, sannan wani shurin. Mafi yawan abin da aka yi a wancan zamani an yi shi ne cikin gaggawa don a cika jadawalin mako, kuma ba ya tsayawa a rai. Ba duk abin da ya tsufa ne zuma ba.

Na biyu, suna cewa dariya aba ce mai zamani. Abin da ya ba kakanni mamaki, jikoki sun gan shi sau dubu a zanen yara da tallace-tallace. Mutumin da ya taka ɓawon ayaba ya zame ba ya ba kowa mamaki yanzu, kuma inda babu mamaki dariya takan yi wuyar fita.

Na uku ya shafi Chaplin kai tsaye. Masu sukarsa suna cewa roƙon tausayi ya yi masa yawa. Yakan kalli kyamara da idanu masu neman a ji ƙansa, ya kawo maraya, ya kawo makauniya, ya sa goge mai sosa rai, har mutum ya ji kamar ana jan hannunsa zuwa kuka da ƙarfi. A wurinsu wannan ba barkwanci ba ne, wayo ne.

Na huɗu shi ne rashin magana kansa. Akwai masu ganin cewa ƙololuwar raha tana cikin harshe: habaici, zambo, gatse, amsar da ta zo a kan gaɓa. Wanda ya saba da irin wannan yakan ga barkwancin jiki a matsayin wasan yara. Kuma wannan ra'ayi ba sabo ba ne. Da fim ɗin The Jazz Singer ya fito a watan Oktoban 1927 da muryar mutum a ciki, cikin shekara biyu zuwa uku kamfanonin Hollywood suka juya wa tsohon salo baya, 'yan kallo ma suka bi su.

Abin da aka yi wa finafinan kafin su iso gare mu

Sai dai kafin a yanke hukunci, ya kamata a tambaya: shin abin da mai suka ya kalla shi ne abin da aka yi? Sau da yawa ba shi ba ne.

A wancan zamani da hannu ake juya kyamara, kuma babu tsayayyen ma'aunin gudu. Wani fim an ɗauke shi a kan hoto 16 ko 18 a daƙiƙa, wani ya fi haka. Da sauti ya zo aka tsayar da 24. Idan aka ɗora tsohon fim a kan na'urar da ke gudu a 24, sai mutane su riƙa tafiya kamar an kunna su, suna zabura ba dalili. Gaskiya ne masu barkwanci sukan ɗan ƙara gudu da gangan a wuraren tsere, amma wannan zaɓi ne da aka auna, ba kamar tsalle-tsallen da mutane da yawa suka ɗauka shi ne asalin finafinan ba. Ga shi kuma shekaru da dama gidajen talabijin sun yi ta yanka su gunduwa-gunduwa, suna ɗora musu ƙarar usur da gwangwani, daga kwafin da ya dushe har ba a ganin idon ɗan wasa. Alhali a barkwancin da babu magana, ido da gira su ne harshe.

Sannan finafinan nan ba a saba kallonsu cikin shiru ba. A ƙaramin sinima akwai mai kaɗa piyano, a babba akwai ƙungiyar makaɗa sukutum. Kiɗan ke riƙe da numfashin 'yan kallo, ya ɗaga su ya sauke su.

Wani abin baƙin cikin shi ne yawancinsu ma babu su. Zaren fim na lokacin da sinadarin naitiret ake yin sa, mai saurin kama wuta, mai ruɓewa idan ya daɗe. Gobarar da ta tashi a rumbun kamfanin Fox a 1937 ta cinye ɗimbin finafinai, wasu kamfanonin kuma da hannunsu suka zubar da nasu don ba su ga amfanin ajiye su ba. Rahoton da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin ɗari sun ɓace kwata-kwata, kuma kashi 14 ne kawai suka saura a asalin siffarsu.

Amma babban abin da aka raba finafinan da shi shi ne taro. Da taron jama'a aka auna su tun daga tushe. Harold Lloyd yana cikin waɗanda suka fara al'adar gwada fim a gaban 'yan kallo kafin a sake shi; inda aka yi shiru ya yanke, inda aka yi dariya ya ba ta fili. Keaton ma haka. A fim ɗinsa Seven Chances na 1925, lokacin gwaji ya ji mutane sun ƙyalƙyale da dariya a wani wuri da bai yi tsammani ba, inda ya ture wasu 'yan duwatsu suka biyo shi a gangare. Sai ya koma ya sa aka ƙera duwatsun bogi masu yawa, manya da ƙanana, ya gina tseren da ya zama abin da aka fi tunawa a fim ɗin. Wato an bar gurbi a cikin kowane wasa don dariyar ɗaruruwan mutane ta cika shi. Wanda ya kalla shi kaɗai a waya, gurbin nan zai gani a matsayin jan lokaci. Kamar a kira 'yan tashe ne su yi wasansu a ɗaki a gaban mutum guda, sannan a ce tashe ba shi da armashi.

Chaplin: dariya da hawaye a kwano ɗaya

Masoya Chaplin ba su musun cewa yana neman taɓa zuciya. Abin da suke cewa shi ne ya san abin da yake magana a kai. A The Kid na 1921, wanda ya fara aikinsa jim kaɗan bayan rasuwar ɗansa na fari yana da kwana uku a duniya, matsiyacin ya tsinci jariri a lungu ya rene shi. Da yaron ya tasa, sai suka kafa sana'a: yaro ya jefi tagar mutane ya gudu, uban riƙo ya ɓullo da gilashi a baya kamar an aiko shi. Ana cikin wannan dariya sai jami'an gidan marayu suka zo ɗauke yaron, aka jefa shi bayan mota yana miƙo hannu yana kuka. Mutumin da aka taɓa raba shi da uwarsa a ƙofar gidan matalauta ne ya shirya wannan, ba mai kame-kame ba.

A The Gold Rush na 1925 yunwa ce abin wasan. Dusar ƙanƙara ta rufe mutum biyu a bukka, babu abin ci, sai Chaplin ya dafa takalminsa. Abin dariyar ba cin takalmin ba ne, yadda ya ci shi ne: ya zuba romo a kai, ya naɗe igiyar a cokali kamar taliya, ya tsotse ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya kamar ƙashin kaza, cikin natsuwa da ladabin wanda ke cin abinci a gidan sarki. Nan ne sirrin Chaplin yake. Talaka ne da duniya ta ƙwace masa komai amma ya ƙi sakin mutuncinsa. Shi ya sa aka fahimce shi a ƙasashen da ba a jin Turanci ko kalma ɗaya.

Da sauti ya zo, ya ƙi miƙa wuya. City Lights ya fito a 1931 babu magana, sai kiɗan da shi ya tsara mafi yawansa. Wurin da makauniya mai sayar da furanni ta fara ɗaukarsa attajiri, saboda ta ji ƙarar rufe ƙofar mota, an ce sau 342 aka ɗauke shi kafin ya gamsu. A Modern Times na 1936 inji ya haɗiye shi, aka gwada masa na'urar ciyar da ma'aikaci don kada a ɓata lokacin aiki, ya tsinci jan ƙyallen da ya faɗo daga mota ya ɗaga don ya mayar, sai ga zanga-zanga a bayansa, aka kama shi a matsayin jagoranta. Wanda ya ce wannan wasan yara ne bai kalla da kyau ba.

Keaton: mutumin da ba ya neman tausayin kowa

Keaton ta wata hanya daban ya biyo. An haife shi a jihar Kansas a 1895, iyayensa 'yan wasan dandamali ne, kuma tun yana ƙarami aikin mahaifinsa a wasan shi ne ya ɗaga shi ya wurga. A nan ya koyi faɗuwa ba tare da ya karye ba, a nan kuma ya lura cewa idan ya ɗaure fuska mutane sun fi yin dariya. Ya shiga fim a 1917 ta hannun ɗan wasan barkwanci Roscoe Arbuckle, kuma an ce tun a ranakun farko ya nemi a ba shi kyamara ya warware ta don ya ga yadda take aiki.

Wannan son sanin inji shi ne ya bambanta shi. Chaplin yakan kafa kyamara ya yi wasa a gabanta. Keaton kuwa da kyamarar kanta, da fili, da gini, da jirgi yake wasa. A One Week na 1920 ango da amarya sun sami kyautar gidan da ake harhaɗawa, wani magabci ya canza lambobin akwatunan, gida ya fito a karkace, ƙofar sama tana buɗewa zuwa sarari. A Sherlock Jr. na 1924 mai kunna na'urar sinima ya yi barci ya shiga cikin allon, wuri yana canzawa a ƙarƙashin ƙafarsa daga lambu zuwa titi zuwa bakin dutse. A wannan fim ne ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi a kan dogo, ya tashi ya ci gaba da gudu, sai bayan shekaru likita ya gano ashe wuyansa ya tsage tun a ranar.

Babban aikinsa, The General, shi ya fi nuna yadda ra'ayi ke juyawa. Labarin direban jirgin ƙasa ne a lokacin yaƙin basasar Amurka, wanda aka sace masa kan jirginsa da budurwarsa a ciki, ya bi sawu shi kaɗai. A jihar Oregon aka ɗauke shi a 1926, da jirage na gaske. A ƙarshe aka cinna wa gada wuta aka tura kan jirgi na gaske ya rufta cikin kogi, kuma gawar jirgin ta zauna a ruwan har lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka kwashe ta don ƙarfe. Da fim ɗin ya fito, masu sharhi da yawa suka ce ba shi da ban dariya. Robert Sherwood, ɗaya daga cikin manyansu, ya yi ƙorafin cewa da wuya a yi dariya ana ganin mutane suna mutuwa a fagen fama. Kuɗin da aka zuba bai dawo yadda aka so ba. A 1928 Keaton ya rasa kamfaninsa ya koma ƙarƙashin kamfanin MGM, matakin da daga baya ya kira babban kuskuren rayuwarsa. Suka hana shi yin aiki yadda ya saba, giya ta shiga tsakani, tauraronsa ya dushe.

Yadda ma'auni ya karkata

Juyin ya fara ne a watan Satumban 1949, da marubuci James Agee ya buga wata doguwar maƙala a mujallar Life, yana mai cewa barkwancin masu magana ya kasa fitar da irin dariyar cikin nan da na da ke fitarwa. Ya ɗaga mutum huɗu: Chaplin, Keaton, Lloyd da Harry Langdon. Daga nan aka fara tono. An sami kwafin wasu finafinan Keaton a tsohon gidansa bayan ɗan wasa James Mason ya saye shi. A 1960 aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar, a 1965 kuma taron bikin finafinai na Venice ya miƙe tsaye yana yi masa tafi, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a Fabrairun 1966.

Ƙuri'ar masu sharhi da mujallar Sight and Sound ta Ingila ke gudanarwa duk shekara goma ta nuna wannan juyi ƙarara. A 1952 finafinan Chaplin biyu, City Lights da The Gold Rush, suka yi kunnen doki a matsayi na biyu. A 1972 babu Chaplin a cikin goman farko, amma The General ya shiga. Fim ɗin da aka ce ba shi da ban dariya ya zama abin koyarwa a makarantun fim.

Me ya canza? Finafinan dai suna nan yadda suke. Masu kallon ne suka canza. Mutanen da suka ga yaƙin duniya biyu sun fara zargin duk abin da ke neman sa su kuka, suka ga kansu a cikin mutumin nan da duniya ke rikitowa a kansa, bai yi ƙorafi ba, bai nemi agaji ba, sai dai ya duba ya nemi mafita. Siyasa ma ta taka rawa a ɓangaren Chaplin: a 1952 hukumomin Amurka suka soke izininsa na komawa ƙasar bisa zargin karkata ga 'yan gurguzu, ya zauna a Suwizalan, bai sake taka Amurka ba sai a 1972 da aka kira shi karɓar lambar girmamawa.

A ganina tambayar wane ne ya fi ba ta da amsa guda, domin ba a kan mutanen biyu take ba, a kan mai tambayar take. Wanda ke son dariya ta ce masa ba kai kaɗai ke shan wahala ba, Chaplin zai zaɓa. Wanda ke son ta ce masa daure, akwai hanya, Keaton zai zaɓa. Su kansu ba su ɗauki abin da zafi kamar magoya bayansu ba. Sun fito tare a Limelight na 1952, tsofaffin 'yan wasa biyu suna kokawa da piyano da goge.

Waɗanda gardamar ta danne

Illar wannan jayayya ita ce ta rufe wasu. Harold Lloyd, saurayin nan mai tabarau da hular kaba, ya fi Chaplin yawan fitar da dogayen finafinai a shekarun 1920, kuma jama'a sun yi ta tururuwa a kansu. Hotonsa yana lilo a hannun agogo a saman bene, daga Safety Last! na 1923, na cikin hotunan da aka fi sani a tarihin sinima. An gina bangon da yake hawa ne a kan rufin dogayen gine-ginen Los Angeles, aka saita kyamara ta yadda titi zai bayyana can ƙasa. Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne da hannu ɗaya da rabi yake wannan hawa, domin a 1919 wani bam da aka ɗauka na wasa ne ya fashe a hannunsa na dama ya cire masa babban yatsa da manuniya. Masu sukarsa suna cewa ba shi da zurfi, ɗan neman ci gaba ne kawai mai fara'a. Amma sunansa ya dushe ne har da dalilin cewa shi ya mallaki finafinansa, ya ƙi sakar wa talabijin su yanka, sai tsara guda ta tashi ba ta gan shi ba.

Akwai kuma Mabel Normand, wadda ta riga Chaplin zama tauraruwa a Keystone, har ta ba da umarni a wasu finafinan da ya fito a farkon zuwansa, amma da wuya a ji sunanta a wannan muhawara. Akwai Stan Laurel da Oliver Hardy, waɗanda a Big Business na 1929 suka nuna yadda ƙaramar gardama da mai gida ke girma a hankali, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya gama ɓarnarsa kafin ya rama, har gida da mota suka zama kangaye.

Abin da ba shi da kariya

Wani ɓangare na sukar babu yadda za a wanke shi, kuma mai kallo baƙar fata shi ya fi kowa ganinsa. Finafinan nan an yi su ne a Amurkar da ke ware baƙaƙe a makaranta da jirgi da sinima. Sau da yawa baƙin mutum a cikinsu matsoraci ne mai zare ido, ko kuwa farar fata ne ya shafa baƙi a fuska. Keaton kansa ya yi haka a College na 1927, inda ya shafa baƙi don ya sami aikin hidima a gidan abinci, kuma Seven Chances na ɗauke da raha a kan launin fata da ba ta da daɗin gani. Jarumin The General ma a ɓangaren Kudu yake, ɓangaren da ya yi yaƙi don riƙe bayi, kuma fim ɗin bai ce uffan a kan bautar ba. Cewa zamaninsu ne bayani ne, ba uzuri ba. Mai son finafinan nan da gaskiya shi ya kamata ya fara nuna waɗannan wurare, ya kira su da sunansu, maimakon ya jira a nuna masa.

Tsohon zuma

Duk da haka, wanda ya ce salon ya mutu ya duba abin da yake kallo. Raj Kapoor, wanda masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka daɗe da sani, a fili ya ɗauko shigar Chaplin da tafiyarsa a Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955. Jackie Chan ya yi lilo a hannun agogo a Project A na 1983, ya kuma sha faɗin bashin da Keaton da Lloyd ke binsa. Mr. Bean na Rowan Atkinson, da yara ke kallo daga Kano har Yamai ba tare da an fassara musu komai ba, jikan wannan gida ne. Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya tashi a Italiya, ya zama wanda ya fi kowa mabiya a TikTok a 2022 da fuska da tafin hannu kawai. Jama'a ba su daina son dariyar da ba ta buƙatar tafinta ba. Sunan masu asalin abin ne suka manta.

Abin da ya sa manyan finafinan wancan zamani suka cancanci a tsaya musu shi ne horon da rashin magana ya tilasta wa masu yin su. Ba su da damar fakewa da surutu ko zagi ko ihu. Dole a gina abin dariya a gaban idon mai kallo, a nuna masa tarkon, a sa shi jira, sannan a ba shi abin da bai zata ba. Wannan darasi ne ga duk mai shirya barkwanci a yau, ko a Kannywood yake ko a waya: ya kashe sautin abin da ya ɗauka ya gani ko akwai abin da ya rage.

Mai shakka kuma yana da haƙƙin shakkarsa, amma ya yi wa finafinan adalci kafin ya yanke hukunci. Ya nemi kwafin da aka gyara, mai gudu daidai da kiɗa mai kyau. Cibiyoyi irin su Cineteca di Bologna a Italiya sun yi shekaru suna wannan aiki. Ya fara da Sherlock Jr., wanda bai kai awa ɗaya ba, ko The Kid, ko Safety Last! Ya tara iyali, musamman yara, domin su ba su san ana girmama Chaplin ba, abin da ya ba su dariya kawai suke yi wa dariya. Idan bayan wannan bai ji komai ba, to kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ra'ayinsa ya zama na wanda ya gani da idonsa.